Ɗamarar da Kawu Bai Huda Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan Innarmu, baduku a Yelwa, ya rasu wata Laraba da hantsi bayan gajeriyar jinya, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Na zauna zaman makokinsa daga farko har ƙarshe, na ji abin da mutane suka faɗa a kansa. Na ga ya kamata a jera abin a tsare tun ba a manta ba.

Kowa ya zo da kawun da ya sani. Mahauta suka ce kuben wuƙarsu duk ɗinkinsa ne. Masunta suka ce haka. Liman ya ɗaga gafakarsa ya nuna wa jama'a, ya ce tun yana ɗalibi aka ɗinka masa ita, har yau zare ɗaya bai tsinke ba. Daga cikin gida ana jin mata suna zancen tumtum ɗin da ya yi wa 'ya'yansu na kayan ɗaki. Amma duk wanda ya gama addu'a ya shafa, sai ya matso kusa da ni ya rage murya ya yi tambaya iri ɗaya: "Babban ɗan ya iso?" Ni kuma in ce bai iso ba, an dai aika masa.

Dalilin da ya sa ni ake tambaya shi ne aikina. Ni ɗan sandan farin kaya ne. Kowace ranar aiki akwai ƙaramar bindigar gwamnati a ƙarƙashin rigata. Babban ɗan kawu kuwa, wanda yake taubashina, ya bar gidan ubansa shekaru da dama saboda wata bindiga da ba ta gwamnati ba. Unguwa duk ta san zancen. Ta kuma san cewa in ya shigo da ita a jikinsa na gani, ba ni da hanyar kawar da kai. Zan zo kan wannan a wurinsa.

Ba wanda ya ambaci kuben bindiga sai da wani tsohon saje mai ritaya ya iso daga ƙauyensu na wajen Shanga. Kirista ne. Ya cire hularsa ya zauna a gefen tabarma har aka gama addu'a, sannan ya ce, "Ku kuna ta gafaka da tumtum. Ni dai bayana ya gyara mini." Ya ce lokacin yana aiki babur ya kayar da shi, ƙugunsa ya goce, ya zama ko ɗankwali aka ɗaura masa a wurin sai ya yi ƙara. Ga shi dole ya ɗauki bindiga. Bai kai kuka wurin kowa ba. Kawu ne ya hango tafiyarsa a kasuwa, ya kira shi da hannu ya ce, "Saje, wanga tafiya taka ba ta lafiya ba ce. Taho in gani." Ya ɗauke nauyin daga ƙugu ya mayar ƙarƙashin hammata, da maɗauri mai faɗi da ya ratsa kafaɗu biyu. Ya kwance ya sake, ya kwance ya sake, har ya zauna.

Wani daga cikin matasa ya ce, "To Baba Saje, kai da ba ka salla, ya aka yi maka gwajin sujada?" Tsohon ya ce, "Ai ni na fi ku shan wuya. Cewa ya yi in durƙusa kamar na je gaida surukina, kuma surukin bai amsa ba." Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi a makoki.

Tun da an taɓo gwajin, bari in faɗi yadda kawu yake aikinsa, daki-daki, kamar yadda ya yi mini da kaina lokacin da aka mayar da ni farin kaya.

Da farko ba ya taɓa fata. Tambaya yake yi. Da wane hannu kake aiki? Wace riga ka fi sawa, kaftani ko 'yar shara? Yininka a kan me yake ƙarewa, benci, ko bayan kabu-kabu, ko cikin jirgin ruwa? Ya ce mai yini a tsaye da mai yini a zaune ba a yi musu kube iri ɗaya. Wanda zai naɗe ƙafa a jirgi daga nan zuwa tsallake, in ka sa masa a gaban mara, kafin a kai tsakiyar ruwa ya tsane ka. Wanda ke hawan babur kuma in ka sa masa a tsakiyar baya, ranar da ya faɗi a kanta ba zai tashi da ƙafarsa ba. Yawancinmu a kwiɓi yake sa mana, ɗan baya kaɗan da ƙashin ƙugu, inda riga ke sauka da kanta.

Na biyu, bindiga ba ta shiga rumfarsa. Wannan doka ce, kuma ban taɓa jin ya karya ta don kowa ba. Yana da bindigogin katako da wani masassaƙin jirgi ya sassaƙa masa, kowace da siffar irin wadda ake ba ma'aikata. Ya rarake cikinsu ya ɗura dalmar da masunta ke sa wa ragar jifa, don nauyin ya yi daidai da na gaske. Duk wata ƙaramar bindiga libarba yake ce mata, ko wace iri ce. Zai ce, "Bar libarbarka ofis. Nan katako muke ci."

Na uku, ɗamara. Ya tsani ganin mutum ya rataya nauyi a zariyar wando. Ya ce an yi zariya don ta riƙe wando, shi ma da ƙyar. Sai ya yanka ɗamara mai faɗi daga kirgin sa, wadda ba ta lanƙwasawa, a ɗaura ta a kan singileti, ƙarƙashin riga.

Na huɗu, kuben kansa. Fuska biyu yake yi masa. Ta waje kirgi ne mai tauri, wanda ya rufe kunamar bindiga ruf, yadda ko yatsa ko gefen riga ba abin da zai shiga wurin, kuma bakin kuben ya tsaya a buɗe ko an zare abin da ke ciki. Ta ciki, mai taɓa jiki, fatar akuya ce mai laushi, ya ɗaga ta sama kaɗan don ƙarfe kada ya goge fata. Garinmu garin zufa ne da laimar ruwa. Yakan ce a riƙa shanya kube a inuwa, a shafa masa man kaɗe ɗan kaɗan daga waje, ba a cika ba, don in ya yi laushi da yawa ya daina riƙo. In ya gama ɗinki sai ya sa katakon a ciki, ya kife kuben a kan buzu ya girgiza. In katakon ya faɗo, aikin ya koma farko.

Na biyar shi ne gwajin da ya yi suna da shi. Zai ɗaura maka ɗamarar da igiya ta wucin gadi, ka mayar da rigarka, ya shimfiɗa buzu, shi kuma ya koma bayanka ya zauna. Sai ya ce, "Yi ruku'u." Ka yi. "Yi sujada. Zauna zaman tahiya. Waiwaya dama. Waiwaya hagu." Ya ce a tsaye kowa na iya ɓoye abu, amma mutumin garin nan sau biyar yake duƙawa a gaban jama'a kowace rana, kuma sahun baya yana da ido. In gindin katakon ya turo riga a ruku'u, ya gani. In ya soke ka a haƙarƙari wajen zama, fuskarka za ta gaya masa ko ka yi shiru. Ni da na ce masa ba komai, zan saba, sai ya ce, "Ba za ka saba ba. Cirewa za ka yi."

Wannan ita ce maganar da ya fi maimaitawa, kuma a kanta duk aikinsa ya tsaya. Ya ce jin daɗin kube ba gata ba ne. Kuben da ke cizon mutum, cire shi ake yi. In an cire, ajiyewa ake yi, a kan katifa ko a bakin randa wajen alwala. In an ajiye kuwa, akwai yara a gida. Ya ce shi ba don mai bindiga yake wahala ba, don wanda zai tsince ta ne.

Na ƙarshe shi ne huda. Kawu ba ya huda ramin ɗamara sai mai ita yana tsaye a gabansa, ya gama ruku'u da sujada, an ga inda ta zauna. Sannan ya sa alama da farce, ya ɗauko ƙarfen huda ya buga. Ko ka aiko da awon ƙugunka da zare, zai yanka, zai ɗinka, amma ba zai huda ba. Ya ce zare ba ya numfashi.

Akwai wata 'yar sanda da aka taɓa kawowa garin, ita ma farin kaya. Ta yi ta zagaye rumfar tana jin nauyin shiga. Da kawu ya gane, sai ya aika ta cikin gida wurin matarsa, ya tsaya a zaure yana ba da umarni ta bayan katanga. "Ki ce ta duƙa kamar tana shara." Matar kawu ta amsa daga ciki, "Ta duƙa, Malam." "Ya turo hijabin?" "Ya turo kaɗan." "To ki ja shi gaba da yatsa biyu." Ranar matar kawu ce ta sa alamar farce, aka fito da ɗamarar zaure ya huda. Daga baya takan ce ita ma baduku ce, lada ne kawai ba a raba da ita ba.

Ba mutum ne mai fara'a ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Ba ya son a tsaya masa a kai yana ɗinki. Ba ya son a taɓa kayan aikinsa, kowane da ƙusar da yake rataye. In ka gaishe shi yana zare a baki, da gira zai amsa. Kuma ba ya yi wa kowa kuben bindiga sai ma'aikacin da ya san hukuma ce ta ba shi ita. Mutane sun zo da manyan motoci sun koma hannu wofi. Ba ya yi musu wa'azi. Cewa kawai yake yi, "Ba ni da fatar wanga aiki," alhali fatun suna rataye a bayansa.

Yanzu na iso kan rigimar.

Taubashina ya koyi dukanci a rumfar nan tun yana ƙarami, kuma hannunsa ya faɗa. Amma ya bar ta ya kama fataucin bandar kifi, yana saro wa daga ƙauyukan bakin ruwa na wajen Ngaski. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara. Tun ranar da na shiga aiki bai sake kiran sunana ba, sai Gwamnati. Da hanyoyi suka lalace, 'yan fashi suka tare motarsu a daji, suka kwantar da su a ƙasa, suka yi masa dukan da ya kwanta jinya. Da ya tashi ya zama wani mutum dabam. Ba ya wasa sosai, kuma ba ya zama ya ba ƙofa baya.

Wata ranar kasuwa ina rumfar ana gyara mini ɗinkin da ya saki, sai ga shi ya shigo. Ya gaida ubansa, ya dube ni ya ce, "Gwamnati, yau ma aron inuwa aka zo?" Na ce, "Na zo in ga ko warin kifinka ya kori masu saye." Sai ya zaro wani ɗan guntun kara daga aljihu ya ajiye gaban kawu. Ya ce wani abokinsa ne ke son kube, ga tsawon abin.

Kawu ya dubi karan bai taɓa shi ba. Ya ce, "Abokin naka mi yake aiki?"

"Fatauci."

"Ƙugunsa kamar naka?"

Taubashina ya ƙara tura karan gabansa.

Kawu ya ce, "Ƙirar maƙera ce ko?"

Nan taubashina ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi a gaban ubansa ba. Ya ce, "Baba, da fuskata a ƙasa aka taka mini wuya. Ina gwamnatin take ran nan? Ga ta nan zaune tana shan inuwa. Ka yi wa bare, ka yi wa baƙo, ni ɗanka ka bar ni in soka ta a wando?"

Kawu ya ce, "Na ga abin da aka yi maka, ni na yi jinyarka. Amma hannuna ba zai ɓoye abin da hukuma ba ta sani ba. Kai zuciya gare ka. Ran da wani ya taka ka a tasha, ba ɗan fashi ne zai faɗi ba. Ka kai ta wurin hakimi a miƙa. Kafin nan, kada ka shigo mini rumfa da ita, kada ka shigo mini gida da ita."

Taubashina ya ɗauki karansa ya fita. A makon ya kwashe iyalinsa ya koma tsallake.

Bayan fitarsa kawu ya juyo gare ni ya ce, "Kara ka gani, ba ka ga bindiga ba. Amma ran da ka gan ta a jikinsa, ka yi aikinka." Da labari ya kai wa Inna kuwa, ta kira ni ta ce, "In ka sa wa ɗan ɗan'uwana ankwa, kada ka zo kan gawata." Maganganun nan biyu na riƙe tun daga ranar, kuma ba ta yadda za a cika duka biyun.

Kawu bai sake ambatar sunansa a gabana ba. Saƙon kifi yana zuwa gidan lokaci-lokaci, matar kawu ta karɓa, kawu ya ci bai tambayi daga ina ba. Abu ɗaya na lura da shi. A ƙusar ƙarshe ta rumfar, bayan fatu, akwai wata ɗamara da kuben wuƙa a jikinta, irin doguwar wuƙar da masu banda ke tsaga kifi da ita. Duk juma'a yakan sauke ta ya goge, ya shafa mata mai, ya mayar. Wani mahauci ya taya, ya ce masa ba ta sayarwa ba ce. Ni ban tambaya ba. A gidanmu ba a tambayar kawu abin da bai fara faɗa ba.

Taubashina bai samu jana'iza ba. Washegari ma bai zo ba. Sai ranar sadakar uku, bayan an idar da la'asar an koma kan tabarmi, kabu-kabu ya tsaya a bakin layi ya sauke shi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Yana sanye da farin kaftani mai ɗan kauri. Na ga Inna ta leƙo daga zaure, ba shi take kallo ba, ni take kallo.

Ya durƙusa gaban liman da dattawa, aka yi masa gaisuwa, ya amsa da kai a ƙasa. Ya ce jirgi ne ya makara, bai yi la'asar ba. Aka ba shi buta. Da ya dawo akwai wuri a cikin zaure, amma bai shiga ba. Ya ja tabarma ya shimfiɗa a fili, daidai gabana, ya ba ni baya, ya ta da kabbara.

Na yi abin da aka koya mini. Da ya yi ruku'u na dubi kwiɓin dama, na dubi na hagu, na dubi tsakiyar baya. Rigar ta kwanta a jikinsa. Da ya yi sujada na dubi ƙarƙashin hammata. Da ya zauna na dubi yadda ya naɗe, ko akwai abin da yake kare wa a mara. Haka har raka'a ta ƙarshe. Babu komai a jikin mutumin nan sai ƙashi.

Ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Bai juyo ba ya ce, "Gwamnati, ka gama awo?"

Na ce, "Na gama."

"Ya turo?"

"Bai turo ba."

Sai ya juyo. Ya ce tun damina biyu da suka wuce ya kai bindigar wurin hakiminsu aka miƙa wa hukuma. Ya ce wata rana ya cire ta don ta ci masa kwiɓi, ya tura ƙarƙashin buhu zai yi wanka, ya fito ya tarar da 'yarsa ƙarama tana jan buhun. Ya ɗaga gefen rigarsa kaɗan ya nuna mini. Akwai baƙin tabo a wurin, mai kauri kamar kantar hannun manomi.

Na ce, "To me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "Kullum cewa nake sai tabon ya baje. Ka san shi. Kallo ɗaya zai yi mini."

Inna ta saki labulen zaure ta koma ciki.

Jim kaɗan matar kawu ta aiko a kira mu biyu. Muka same ta a tsakar gida cikin kayan takaba, da mabuɗin rumfa a hannu da ɗamarar nan a cinyarta. Ta ce masa, "Ungo. Bai ce in ba ka ba. Bai ce komai ba. Amma ni na riƙe masa fatar ran da ya yanka, na san ƙugun wa ya auna da ido."

Ya karɓa ya juya ta. Ya shinshina man. Ya zagaya ta a ƙugunsa ya kawo bakin ga maɗauri, sai ya tsaya. Ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe. Babu rami ko ɗaya.

Sannan ya miƙa hannu ta ba shi mabuɗin. Muka fita tare zuwa rumfar, ya buɗe. Komai na nan a ƙusarsa. Bai yi lalube ba, ya san inda igiyar gwaji take, ya san inda ƙarfen huda yake. Ya ɗaura ɗamarar da igiya, ya saki rigarsa a kai, ya shimfiɗa buzun ubansa.

Ya ce, "Gwamnati, koma baya ka zauna."

Na koma inda kawu yake zama, na ce masa ya yi ruku'u.

Allah Ya jiƙan kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi kamar yadda ya nema wa jikin mutane sauƙi. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.